Baba Tsaya-Tukuna da Faifan da Bai Goge Ba

Ƙarfe bakwai da rabi daidai ake jin ƙarar ƙofar shagonsa, ƙofar ƙarfen nan da ake turawa sama ta naɗe. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce shi kam ya daɗe da sallamar agogo, da ƙarar nan yake gane ko ya makara. In dattijon ya shiga, ba ya taɓa komai sai ya share teburi da tsumma, ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, ya ɗauko tabaransa mai ɗaure da zare ya maƙala. Sannan ya je ya dafa ƙarfen taga da tafin hannu biyu. Baƙo zai ɗauka addu'a yake yi. Shi kuwa cewa yake jikin mutum yana tara wata 'yar wuta da ba a jin ta, wadda ta isa ta kashe kayan da wani ya shekara yana tara kuɗinsu.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana haɗa wa mutane kwamfutar kan teburi a ɗakin nan da bai fi taku biyar ba. Notuna a kiret ɗin ƙwai, kowane rami da irinsa. Wayoyi a rataye jikin ƙusa. Can sama, kusa da rufi, akwai wata kanta da ya jera tsofaffin faifayen ajiya, kowanne da 'yar farar takarda manne a goshinsa. Ku riƙe kantar nan a ranku, za mu komo gare ta.

Duk layin Baba Tsaya-Tukuna ake ce masa, har jikokinsa. Sunan kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum zai shigo da zafinsa, ya miƙa waya ya nuna hoton wata kwamfuta mai walƙiya, ya ce irin wannan yake so. Baba zai ɗaga hannu ɗaya ya ce, "Tsaya tukuna. Me za ka yi da ita ranar Talata da safe?" Ba ranar da aka kawo ta gida yake tambaya ba, ranar da abokai za su taru suna yabawa. Yana tambayar ranar da ɗoki ya wuce, aiki ya zauna. Wanda ya kasa ba shi amsa, sai ya ba shi kujera.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Hannu ya fara rawa, ido ya fara gardama, ya ce gara ya ajiye sukudireba da kansa kafin ya lanƙwasa wa wani bawan Allah ƙafar furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ba za a yi masa taro ba, ba kuma wanda zai rataya masa lambar yabo. Shi ya sa muka ga rashin adalci ne a bar shi ya tafi shiru.

Kai ne, Baba, wanda ya sha korar ciniki da bakinsa. Tela shaida ne, ya ce ya ga ranar da wani mai kantin magani ya zo zai sayi kwamfuta sabuwa fil, ka buɗe tsohuwar tasa, ka busa ƙura, ka ƙara mata abu guda, ka ce ya tafi, za ta kai shi shekara uku. Ta kai shi biyar. Mai ɗakinka kuwa har gobe tana faɗa, ta ce da wani ne da wannan hannun da tuni ya yi bene. Kai dai sai ka yi murmushi ka ce gwiwarka ba ta son matakala.

Amma labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami na wasu 'yan'uwa biyu ne.

Wata Laraba ce da hantsi suka shigo. Babbar mace ce, mai ɗaukar bidiyon taruka, ta rungumo wata tsohuwar kwamfutar cinya da aka ɗaure murfinta da roba. Ƙaninta yana biye da ita. Auta ake ce masa, ko da yake gemu ya cika masa fuska, direban motar wani kamfani ne, kuma in ya dawo aiki ba abin da ya sani sai wasan gem. Sun haɗa abin da kowa ya tara za su yi kwamfuta ɗaya, ita ta riƙa tace bidiyo da rana, shi ya buga wasansa da yamma. Abin da suka tara ɗin kuwa ba shi da yawa.

Auta ne ya fara magana, tun kafin su gama gaisawa. Ya zaro takarda. Yana son gidan kwamfuta mai gilashi, fanka shida masu canja launi, da katin hoto, wanda ke sa wasa ya yi gudu a allo, mafi girma da kuɗin zai iya ɗauka.

"Tsaya tukuna," in ji Baba. Ya juya ga yayar. "Ke kuma 'yata, me za ki yi da ita ranar Talata da safe?"

Ta ɗora tsohuwar kwamfutar a kan teburi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta ce mahaifinsu tsohon direban bas ne, mutum mai labari, wanda in ya fara ba a tashi. Shekara tara tana ɗaukarsa a bidiyo, a tsakar gida, a mota, a wurin cin abinci, har da lokacin da mahaifiyarsu take da rai. Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi. Jiya da safe ya dube ta ya tambaye ta ko ita ce sabuwar nas. Likita ya ce abin gaba zai riƙa yi. Tana so ta haɗa masa fim ɗin rayuwarsa ya kalla tun yana iya gane fuskokin da ke ciki. Wannan tsohuwar kuwa, in ta buɗe bidiyo ɗaya sai ta daskare.

"Duka a cikin nan suke?"

"Duka, Baba. Wayoyin da na ɗauka da su sun daɗe da mutuwa."

Baba ya kunna ta, ya kara kunnensa a jikinta. Ya ji faifan ciki yana ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya san wannan ƙarar, faifai ne yake bankwana. Bai nuna a fuska ba. Ya ce kawai, "Ki ba ni izini in kwafe komai a faifaina yanzu, kafin mu yi maganar saye. Ina riƙe wa mutane kwana talatin, sannan in goge. Ba na buɗe abin kowa." Ta gyaɗa kai, hankalinta rabi yana kan takardar Auta. Ya hau kujera ya sauko da faifai ɗaya daga kantar nan ta sama, ya jona, ya bar su suna aikinsu.

Sannan ya jawo takardar Auta, ya gyara tabarau.

"Samari, wannan gidan gilashin, shi zai buga maka wasan?"

"A'a Baba, amma ai yana da kyau."

"Ƙarƙashin teburi za ta zauna. Wa zai gani, kyanwa?"

Yayar ta ƙyalƙyale da dariya, karo na farko tun shigowarsu. Baba ya ja layi ya soke gidan gilashi, ya rubuta baƙin gida mai ramukan iska a gaba da fanka biyu. Ya ce fitila ba ta tace bidiyo, ba ta kuma cin wasa.

Daga nan ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa yana nuna musu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai, ya zaɓi matsakaiciya ta shekarar da ta wuce, ya ce sabuwar bana kuɗin suna ake biya. Bod, babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, ya ɗauki mai sauƙi amma mai gurbin ƙari, saboda gaba. Da aka zo kan ram ya tsaya. Ya ce wa yayar ram kamar faɗin teburin tela ne, in ya yi ƙanƙanta, sai an naɗe wannan yadin kafin a shimfiɗa wancan, aiki ya yi ta ja. "Nan ne naki. Nan ba za mu yi rowa ba." Ya rubuta sandar ram biyu.

Auta ya fara tsuke fuska. "To ni fa, Baba? Duk an ba Yaya."

"Kai naka yana zuwa, sarkin gaggawa."

Ya buɗe durowa ya fito da katin hoto na hannu, wanda wani ya sayar don ya sayi babba. Ya ce ya wanke shi, ya canja masa man sanyaya, ya bar shi yana aiki wuni guda yana dafa shi yana jin zafinsa. Ya jona shi a kwamfutar gwaji, ya ce Auta ya sa wasan da ya fi so. Auta ya zauna da shakka. Minti biyar bai cika ba aka ga ya karkace kafaɗa yana cije leɓe, ya manta da kowa.

"Ya ishe ka?"

"Baba, wallahi yana gudu."

"To ka ga. Shi ma zai taya yayarka aiki."

Rigima ta gaske a kan akwatin wuta aka yi, wanda ke raba wa kowane sashe wutarsa. Auta ya ce ya ga mai araha a wani wuri, rabin wannan. Baba ya ɗauko irinsa daga kwandon shara ya ɗora masa a hannun hagu, ya ɗora mai kyan a dama. Na hagun shafal, kamar babu komai ciki. Ya ce, "Wannan in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja 'yan ɗakinsu. Ka soke duk abin da ka ga dama a takardar nan, amma in da wannan ne, ba da hannuna ba." Bai ɗaga murya ba. Auta ya mayar da shi kwandon da kansa.

Faifai biyu ya sa musu, ƙarami mai sauri don manhajoji da wasanni, babba don bidiyon mahaifinsu. Ya so ya ƙara na uku, wanda za ta riƙa kwafa tana ɓoyewa a durowa, amma kuɗin ya tsaya. Ta ce wata mai zuwa. Shi ma ya ce to, wata mai zuwa. Ya sha gaya mana cewa wannan "to" ɗin tana cikin abubuwan da yake jin kunyarsu.

Kwana biyu ya yi yana haɗa ta, saboda hannun. Noti ɗaya ya suɓuce masa sau uku, ya ajiye sukudireba ya fita ya zauna a bencin tela har rawar ta lafa. Da ya gama ya zuba bidiyon a babban faifan, suka zo suka ɗauka suna ta godiya. Tsohuwar kwamfutar cinyar kuwa ba ta ƙara tashi ba. Ya manna takarda a goshin faifansa, ya rubuta kwanan wata da lambar wayarta, a ƙasa ya ƙara da "muryar babansu", ya mayar kan kanta.

Kwana talatin suka cika. Ya kira ta, ba a ɗaga ba. Washegari ya sake, haka. Ranar ta uku wayar a kashe.

A nan ne ya kamata ku san abin da ba ya gaya wa masu ciniki. Kwana talatin ɗin a baki ne kawai. Shekara goma sha tara da suka wuce, wata malamar makaranta ta bar masa hotunan ɗanta da ya rasu. Kwana talatin suka cika, ya goge kamar yadda ya faɗa, don yana bukatar faifan. Bayan kwana huɗu ta shigo, ɓarayi sun ɗauke kwamfutarta. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Cewa ta yi, "Ba komai, ai ka gaya mini," ta juya. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa cewa ba zai ƙara goge abin kowa ba sai ya ji muryar mai shi ta ce masa goge. Shi ya sa kantar nan take cika. Shi ya sa wani lokaci yakan rasa faifan aiki, ga guda goma a sama yana kallonsu.

A makon da ya kasa samunta a waya ma hakan ta faru. Aiki ya zo, babu faifai. Tela ya ce, "Haba Baba, mutanen nan sun samu abinsu, sun manta da kai. Goge mana." Baba ya sauko da faifan, ya karanta takardar, ya juya shi a hannu. Ya mayar. Ya tari mota ya tafi ya sayo wani.

Ranar kwana na arba'in da shida, da azahar, sai ga su. Yayar ce a gaba, idonta jawur. Auta yana rungume da kwamfutar a baya, ya kasa ɗaga kai. Shi ya yi bayani da murya ƙasa ƙasa. Mahaifinsu ya faɗi a bayi, ta yi kwana goma tana jinyarsa a asibiti, wayarta ma ba ta san inda take ba. Shi kuma wasanninsa sun cika ƙaramin faifan, kwamfutar ta fara nauyi. Ya kalli wani bidiyo da ke koya yadda ake wanke kwamfuta a sake zuba mata komai sabo. Da aka tambaye shi wane faifai, ya zaɓi babban. Bai gane ba sai da ya cika shi da wasanni. Jiya ta dawo ta zauna za ta ci gaba da aiki, ta tarar da motocin tsere.

"Ban yi masa faɗa ba, Baba," in ji ta. "Ban da ƙarfin faɗa. Na san kwana talatin sun wuce. Na zo ne kawai ko akwai dabarar da za a tono wani abu, ko minti ɗaya ne. Ko muryar Mama kaɗai."

Auta ya ce, "Ni na kashe su, Baba. Ni na—"

"Tsaya tukuna."

Ya jawo kujera. Tela ya leƙo ya ce a bari shi ya hau, Baba ya ce a'a. Ya hau da gwiwarsa mai ciwo, ya laluba, ya sauko da faifan ya miƙa mata. Ta karanta rubutun goshin. Ta sake karantawa. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, cikin ƙurar shagon, ta rungume shi a ƙirji. Auta kuwa, ƙato da gemu, ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa suna rawa.

Baba bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ce mata aikin da ta yi na mako biyar ya tafi, wannan ba shi da shi, sai ta faro daga farko. Ya ce wa Auta, "Share fuskarka ka zo ka riƙe mini wannan, hannuna ba ya tsayawa. Laifin mu biyu ne. Na san gidan da mai wasa yake, bai kamata in bar ku ku tafi da kwafi ɗaya ba." Auta ya ce a cire katin hoton a sayar, shi ya bar wasa har abada. Baba ya ce, "Kai dai ka cika rantsuwa. Bar katin, yayarka na bukatarsa. In kana son ka yi wani abu, sayo faifai na uku." Kafin la'asar ya dawo da shi.

Mako uku ta yi tana haɗa fim ɗin. Auta bai taɓa kwamfutar ba sai in zai kawo mata ruwa. Ranar da za a nuna, wata Asabar da rana, sauti ya ƙi fita a talabijin ɗin falo, suka kira Baba. Waya ɗaya ce aka soka a ramin da ba nata ba. Ya gyara, ya ɗauki hularsa zai tafi, suka ce wallahi sai ya zauna.

Aka kawo tsohon a kujera, an rufa masa bargo a ƙafa. Ya gaida Baba da ladabi, ya gaida 'ya'yansa da irin ladabin da ake yi wa baƙi. Fim ya fara. Ga shi a allo, da ƙarfinsa, yana ba da labarin ranar da birki ya tsinke masa a gangare da fasinja cike. Tsohon ya kalla, ya ce, "Wannan mutumin ya iya tuƙi." Aka yi dariya, dariyar da ke da ciwo a ciki. Can sai ga matarsa tana shanya, tana ce wa mai ɗauka ta kawar da wannan abin daga fuskarta. Tsohon ya miƙe zaune. Daga gefe, a cikin fim ɗin, aka ji muryarsa ta da yana cewa, "Ƙyale uwarki, Gajeruwa, zo ki ɗauke ni ni da nake da kyau."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juya a hankali, ya dubi 'yarsa da ke durƙushe a gefensa.

"Gajeruwa," ya ce. "Har yanzu ba ki ajiye kyamarar nan ba?"

Wata huɗu ke nan rabon da ya kira ta da wani suna. Baba ya ce shi dai a lokacin ya cire tabarau ya yi ta gogewa, don zaren ya dame shi. Washegari tsohon ya sake tambayarta ko ita ce nas. Amma ta ce ta samu abin da ta nema, kuma kullum da yamma suna sa masa fim ɗin, wata rana ya gane, wata rana ya yaba tuƙin mutumin.

Kai ne, Baba, mai auna kaya da bukatar mutum. Kai ne ka san cewa abin da ya fi tsada a cikin kwamfuta ba ya cikin takardar saye. Ba ka yi bene ba, amma akwai gidaje da yawa a garin nan da ke da muryar wani nasu saboda kai, mafi yawansu ba su ma sani ba. Mun gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya saka maka da alheri, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka kamar yadda ka riƙe amanar mutane.

Ku kuma masu sana'a, ko waya kuke gyarawa, ko mota, ko ɗinki kuke yi, ku ɗauki ko da guda ɗaya daga halin mutumin nan. Ku tambayi mai kaya me zai yi da shi ranar Talata. Kada ku yar da abin wani sai kun ji daga bakinsa.

Jiya mun leƙa shagon. An kwashe wayoyi, kiret ɗin ƙwai ya koma wurin tela yana zuba maɓallai. Wanda ya ba shi hayar shagon ya aiko sau biyu yana tambayar makulli. Baba yana zaune a kan kujerar nan tasa, waya a kunne, faifai bakwai a jere a gabansa, kowanne da takardarsa. Ya ce ba zai miƙa makulli ba sai bakwai ɗin nan sun amsa. Saboda haka in kun ga baƙuwar lamba tana ta kiranku a kwanakin nan, don Allah ku ɗaga. Wataƙila wani dattijo ne yake riƙe da abinku, yana jira ku ce masa ya goge ko ya kawo.